Inna Ta Ci Maki Huɗu

Ranar Talata ce, tsakiyar damina. Inna ta dama koko tun da asuba. Ni ina tsakar gida ina wanke kayan 'yata. Yaya Habu, ɗan farin Inna, ya saɓa fartanya, ya durƙusa bakin ƙofa ya gaishe ta. Ta amsa ba ta dube shi ba, kamar kullum. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna tana son sa a gaban mutane. "Wancan yaron" take ce masa, ga shi har ya fara furfura a gemu.

Da hantsi muka ji babura. Ƙauyenmu yana can bayan Batagarawa, mun san kukan babur ɗin masu kai mutane kasuwa. Wannan daban ne, da yawa, kuma ba sa tsayawa. Sai harbi daga wajen masallaci. Kaji suka watse. Wata mata tana ta kiran sunan ɗanta.

Yaya Habu ya faɗo gida da gudu. "Ku fita ta baya! Ku shiga gero!" Ya yage danga, ya tura Inna, ya miƙo mini 'yata. Shi ya koma zai kwance shanun huɗa.

Muka kwanta rub da ciki a cikin gero. Na toshe bakin yarinya da tafin hannuna. Muna jin warin rumbu yana ƙonewa. Muka ji harbi daidai gidanmu, sai kukan shanu ana kora su. Inna ta damƙe ƙasa da hannu biyu.

Ba wanda ya kira azahar a ranar. Da aka yi shiru muka fito. A bakin turke aka sami gawar Yaya Habu, igiya a hannunsa. Maza suka binne shi a gurguje kafin la'asar. Inna ba ta zub da hawaye ko ɗigo ba. Mutane suna cewa, kai, wannan baiwar Allah akwai tawakkali.

Muka taka zuwa titi da kayan jikinmu. Wata a-kori-kura ta kwashe mu. Ana kiran magariba muka sauka Ƙofar Marusa a cikin birni, gidan Kawu Sale, ƙanen Inna, tela ne. Ya share mana ɗakin da yake ajiye yadi.

A ɗakin nan Inna ta fara ƙarewa a gaban idona. Tuwo ya kwana a kwano. Kunu ma sai na yi da gaske take kurɓa biyu. Ba ta barci, ba ta hira, tana zaune tana kallon bango. Zanenta ya koma zagaye ta sau biyu. Wata safiya na ji tana cewa a hankali, da ita aka samu a bakin turken da ya fi. Tsoro ya kama ni. Na sa wa Kawu kuka har ya tsayar da keken ɗinki ya kai mu asibiti.

Aka auna jini, aka auna zazzaɓi, ba komai. Aka tura mu wajen wata nas, Sista Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, mace mai sanyin murya. Ta ce ciwon damuwa ma ana auna nauyinsa. Tambaya tara za ta yi a kan mako biyun da suka wuce. Wanda ya ce ko kaɗan, sifili. Wanda ya ce kusan kullum, maki uku. Idan aka tara ya kai goma, a ranar za a fara magani. Na ce a raina, Alhamdulillahi, yau za a ga abin da nake gani.

"Mama, kina yawan jin baƙin ciki?"

"Alhamdulillahi," in ji Inna.

"Abinci fa?"

"Ina ci, mun gode Allah."

"Kin taɓa jin gara ki mutu?"

"Subhanallahi, 'yar nan. Rai ai na Mai shi ne."

Raina ya ɓaci, na kasa haƙuri. "Haba Inna! Wane abinci? Sista, wallahi rabonta da tuwo tun ƙauye. Ɗanta aka kashe!"

Inna ta juyo ta yi mini kallon da rabona da shi tun ina yarinya. Sai a lokacin na gane. In ta ce e, ta yi kukan ɗan fari a gaban baƙuwa ke nan, ta kuma yi wa Allah ƙorafi. Mace mai shekara sittin da wani abu ba za ta fara wannan a kan kujerar asibiti ba. Gajiya kawai ta amsa, da rashin barci, su ma ta ce tsufa ne.

Aka tara. Huɗu.

Sista ta ja ni waje. Ta ce ita ma tana da ido, ba ta yarda da huɗun nan ba, amma abin da bakin Inna ya faɗa za ta rubuta, ba nawa ba. Akwai wani ma'aunin da likitan ƙwaƙwalwa yake cikawa da kansa, yana duban zaman mutum da fuskarsa da ramarsa. Likitan ɗaya ne, layi ya yi tsawo. Ta roƙa mana rana mafi kusa, ta ce in yi ta lallaɓa ta da kunu.

Na lallaɓa. Na yi faɗa, na yi roƙo, na durƙusa da kofi a hannu. Kawu ya kawo rubutu, ta sha don kada ta ba shi kunya. Sai zazzaɓi ya zo, irin wanda yara ke warkewa da shi suna wasa. Bai sami jikin da zai tare shi ba. Ranar Juma'a da hantsi ta cika, saura kwana uku ranar likita. Har ta tafi ban ji sunan Yaya Habu a bakinta ba.

Ran Litinin na ɗauki katinta na tafi, don in gaya wa Sista kada a jira mu. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta jawo mini kujerar da Inna ta zauna. Ta yi mini tambayoyin nan tara. Ni ba ni da kunyar Inna, na faɗi komai, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Aka tara, goma sha tara. A ranar aka ba ni magani.

Ina sha kullum da safe. An ce na fara samun sauƙi. Mu huɗu muka sha kokon safiyar waccan Talatar, yanzu saura ni da 'yata.