Gazali, Mai Rubuta Sunan Kowa Ban Da Nasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, Allah ya karɓi ran Gazali Siddiƙu sakamakon hatsarin babur a hanyar Kalambaina. Da safiyar ranar muka yi waya, har na yi masa tsiyar jinkiri, yana dariya. Bayan azahar ina tsaye a kan kabarinsa. Har yanzu na kasa gaskatawa.

Gazali, kai ke tsara mabuɗin shirye-shiryenmu na talabijin, wato ɗan mintin nan na hotuna da kiɗa da sunaye da ke buɗe kowane kashi. Ni mai ba da umarni nakan ce maka kana kashe kanka a kan abin da masu kallo ke tsallakewa. Ba ka taɓa jin haushi ba, ba ka kuma taɓa saurarona ba.

Ba ka yarda da haruffan kwamfuta ba. Da alƙalamin kara da tawada kake rubuta kowane suna, sannan ka ɗauki hotonsa. A shirinmu na 'Yar Majema, a kan jar fatar akuya ka rubuta su. Hindu, dattijuwar da ke dafa wa ma'aikata abinci, ka zauna ka tsara sunanta da kyau kamar na jaruma. Da ta gani sai ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

Sunanka kaɗai ba ka taɓa sakawa ba. Mahaifinka, Malam Siddiƙu na Ƙofar Marke, ya san dai kana aikin kwamfuta a unguwar Minanata, kuma kana tsoron ranar da zai ji ɗansa na harkar fim. Ka sha cewa za ka gaya masa, ranar ba ta zo ba.

Shi ya sa na shiga zaman makoki da fargaba. Abokan aiki suna so a sa sunanka a sabon shirin, ni kuma ina tsoron in tona abin da ka ɓoye. Bayan an shafa addu'a, Malam ya kira ni gefe.

"Kai na Sirajo, abokin aikinai?"

"Ni ne, Baba."

"Ni nik koya mai riƙon alƙalami. Tun ran da nig ga rubutun ga cikin wayar ƙanwatai nis san hannun ɗana na. Jira nikai ya hwaɗa min da bakinai."

Da ƙyar na ce muna neman izinin sa sunanka, sai dai babu mai hannu irin naka a cikinmu. Malam ya sa aka miƙo masa tawada. Ya rubuta sunanka da ajami, ya ƙara da "Allah ya jiƙansa". Da wannan rubutun shirin zai buɗe.

Ya Allah ka gafarta wa Gazali, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Siddiƙu, da matar Gazali Muhsina, da 'yarsa Nabila wadda ba a ko yaye ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, amin.