Hannun da Manjo Issifu Ya Sauke

A unguwar Moss Side, can ƙasar Turawa, kowa ya san Baba Manjo. Sunansa Issifu, dogon dattijo mai tsallakar da 'yan makaranta titi safe da yamma. Labarin da ake bayarwa a masallaci shi ne, lokacin da talakawan ƙasarsu suka tashi neman 'yanci shekara talatin baya, shi ne hafsan da ya hana a harbi jama'a a kan gada. Bai taɓa faɗar haka da bakinsa ba, bai kuma taɓa ƙaryatawa ba.

Shekarar da ƙaramar hukuma ta shiga rage ma'aikata, aka ce za a rufe laburaren unguwa. 'Yarsa Adiza tana cikin masu shirya zanga-zanga, ta gayyato wata nas 'yar ƙasarsu daga Birmingham, Celestina, ta yi jawabi. A taron share fagen zanga-zangar, Adiza ta nuna mahaifinta, ta ba da labarin gadar, aka yi ta tafi. Celestina ba ta tafa ba. Da aka tashi ta same shi a bakin ƙofa.

"Baba, mahaifina yana kan gadar nan ranar. Malamin makaranta ne, Alfred. Ƙafarsa ɗaya yanzu."

Issifu ya sunkuyar da kai, domin ya san abin da ya faru. A waccan ranar, soja tamanin aka ba shi, aka ce ya tare gadar shiga birni. Da hantsi mutane suka taso, leburorin jirgin ƙasa da matan kasuwa da ɗalibai, suna waƙa cewa ɗan minista da ɗan mahauci duk ɗaya ne. Shi ma ɗan mahauci ne daga zango, waƙar ta ratsa shi. Amma ubangidansa Kanar yana ta tsawa a rediyo, ko ya tarwatsa su ko a cire masa anini. Ya ɗaga hannu, ya sauke. Aka buɗe wuta, mutum shida suka zube, sannan sojojin da kansu suka ajiye bindigogi. Bayan kwana biyu gwamnati ta faɗi. Jama'a suka ɗauka shi ya tsayar da harbin, suka ɗora shi a kafaɗa suna yawo da shi. Ya yi ta murmushi.

Ranar Asabar bayan haɗuwarsa da Celestina, ya hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Ya iske Alfred a keken guragu, a wani ƙaramin gida mai sanyi.

"Malam, ni na ba da umarnin."

"Na sani, Manjo. Ina sahun gaba, na ga hannunka."

"Ba ka taɓa faɗa wa kowa ba?"

"Na faɗa. Kana kan kafaɗun mutane, ina gadon asibiti, wa zai saurare ni?"

Issifu ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya nemi gafara. Alfred ya dube shi, ya ce:

"Ƙafata na yafe tuntuni. Amma biyu sun mutu, nasu ba a hannuna yake ba. Tashi, ka je ka faɗa wa 'yarka."

Ya faɗa mata a kicin, tana yanka albasa. Ta ajiye wuƙar ta fita. Ranar zanga-zanga ya bi can baya, ya ƙi karɓar lasifikar da aka miƙo masa. Laburaren kuma aka rufe shi duk da haka.

Sati uku Adiza ba ta ce masa komai ba sai gaisuwa. Wata safiya tana kai shi wurin likita a mota, ta tsaya a danja, ta ce, "Baba, mutum biyun nan, yaya sunansu?"

"Ban sani ba," ya ce. "Ban taɓa tambaya ba."

Ta gangara gefen titi, ta kira Celestina, ta miƙa masa wayar.