Idi Ɗan Teku da Mujiyar Gidansu

Da safen nan a tashar Gagarawa wani direba ya ce min, "Baba Sale, sai haƙuri." Haƙurin me? Wai Idi Ɗan Teku ya rasu, tun jiya aka rufe shi a Ɗanzomo.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abokina tun muna kiwon awaki. 'Ya'yansa suna da lambata, ba wanda ya kira ni.

Ni ban yi boko ba, wannan ma da baki nake faɗa wayar ke rubutawa. Abin da na sani na teku a bakin Idi na ji, don ya daɗe a jirgin kamun kifi a Legas. Ya ce akwai wani ƙaton kifi mai haƙora, shak, mai cin kifaye. Suka yi ta kashe shi suna murna. Sai waɗanda yake ci suka yi yawa, suka cinye ƙananan, koma ta riƙa fitowa wayam.

Shi ya sa ya hana a taɓa mujiyar da ke kogon kukar gidansu, kukar da take tsaye tun kafin Turawa su ja iyaka a Maigatari. Mutane na cewa tsuntsuwar mutuwa ce, shi kuwa ya ce ita ce shak ɗin ɓeraye.

Shekarar da ɓera ya cinye min rumbu, nasa lafiya lau. Dami biyar ya aiko min a amalanke, bai taɓa tada maganar ba.

Ganinmu na ƙarshe ranar kasuwa ne, yana tari. Ya ce, "Sale, kai ne mai taurin kai, kai zan bar wa. In na tafi kar ka bari yaran nan su sare kukar."

Na ce, "Rabu da ni, ni zan riga ka."

Direban ya ce babban ɗansa Habu har ya kira mai injin yankan itace. Wai mujiyar ce ta jawo mutuwar uban. Gobe bayan addu'ar uku za a kayar.

Ashe dalilin ƙin kirana ke nan.

Habu, ni na yanka ragon sunanka. Na ɗauko tabarmata, ina cikin mota. Gobe a gindin kukar za ka same ni, sai ka ce wa mai injin ya fara ta kaina.

Allah Ka jiƙan Idi, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba ni ikon riƙe masa amana. Duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a. Kai ma Habu, ka ce amin.