Injin Zanen Hula

Mijina malamin makaranta ne a Tofa, mutum ne mai son haɗe-haɗe. Wata shekara bayan an gama yankan dawa, ya tattara katako da tsofaffin ƙarafa, ya haɗa wani ɗan inji da ke riƙe biro yana zane, kwamfuta na ba shi umarni. Don nishaɗi kawai ya yi shi. Ni ce na ce ya gwada zanen hula, tunda ɗinkinta nake yi.

Da farko wani dogon ƙarfe mai zare ne ke tura biron. Zanen yakan fito, amma da'ira ba ta haɗuwa. Ya nuna mini dalili: duk lokacin da ƙarfen ya juya baya, sai notin da ke tafiya a kan zaren ƙarfen ya ɗan yi wasa kafin biron ya motsa. Ya cire shi, ya sa bel mai haƙora na tsohuwar firinta. Wannan ya fi sauri, sai dai da ya ɗan saki, layi ya karkace. Aikina shi ne in ninke ƙyallen, in ɗaga shi a rana, mu ga ko gefe da gefe sun dace. Sai gab da damina suka dace. Na yi ta kai wa maƙwabta suna gani, ina alfahari.

A ƙauyenmu akwai wani dattijo da ke zana wa mata hula tun ina yarinya. Hular da na koyi ɗinki a kanta ma shi ya zana. Wallahi ban tuna da shi ba, har mata suka fara aiko mana da ƙyallayensu.

Wata rana bayan la'asar ya yi sallama, ya ce ya zo ganin abin da ake ta faɗa. Mijina ya kunna masa injin a zaure, ni kuwa ina bayan ƙofa. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, shi ba ya gajiya?" in ji dattijon.

"Bel ɗin yakan saki, Baba."

"To, da sauƙi. Ai ana ɗaure shi."

Ya sa mana albarka ya tafi.

Daga ranar muka daina karɓar aikin kowa, don kada mu tare wa dattijon abincinsa. Wasu matan sun koma wurinsa, wasu kuwa suka riƙa aikawa birni. Ni nawa shi nake kai wa har yanzu. Hannunsa yana rawa, layukan sukan kauce, sai in gyara da allura in yi shiru.