Matar da Ta Koya wa Babana Kwanciya Shiru

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa, kafin mai shara ta gama goge baranda. Takan cire agogonta da 'yan kunnenta da fil ɗin da take kama ɗankwali da shi, ta zuba su a wani tsohon gwangwani da ke kan teburinta, domin ƙarfe ba ya shiga ɗakin da take aiki. Sai ta duba injin, ta shimfiɗa sabon zani a kan siririn gadon da ke shiga cikinsa. Daga nan ta ja kujera ta zauna, hannuwa a kan gwiwa, minti goma cur ba ta cewa uffan. Idan wani ya leƙo da takarda, sai ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce, "Dakata." Da haka sunan ya bi ta. Daga likitoci har mai gadin ƙofa, Anti Dakata suke ce mata.

Aikinta ɗaukar hoton cikin jikin mutane ne. Injin nata kamar farar kwalbati yake. Ana kwantar da mutum, gadon ya zarce da shi ciki, rufin ya tsaya dab da hancinsa, sannan a yi ta ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma, wajen rabin awa ko fiye. In mutum ya motsa, hoto ya lalace. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya a sashen hoto, goma sha biyu daga ciki a kan wannan injin. Ni ban taɓa rubuta abin da mutane za su karanta ba, kuma sau huɗu ina yaga farkon wannan. Saboda haka zan tsaya kan abin da aka gaya mini da abin da na gani.

Mai shara ce ta fara ba ni labarin zaman nan na safe.

"Da farko na ɗauka barci take sata," in ji ta. "Har na taɓa yar da bokiti da gangan. Ko gezau. Da ta gama na ce, Anti, me kike yi ne haka? Ta ce, 'Jin numfashina nake. Wanda zai shiga injin nan fuskata yake fara karantawa. In na taho da hayaniyar gidana, shi zan juye wa.'"

Wata nas kuma ta ce akwai shekarar da aka ƙirga, aka ga a ranakun Anti ne aka fi samun ƙarancin masu fasa hoto saboda tsoro. Da aka faɗa wa Anti a wajen taro, ta ce ta ji, ta tambaya ko za a samo mata ƙarin auduga ta toshe kunne.

Babana makanike ne. Bara hannuwansa suka fara mutuwa. Sifana takan suɓuce masa, ba ya sani sai ya ji ƙararta a ƙasa. Likita ya ce wani abu ne a ƙashin wuyansa yake danne jijiya, sai an yi aiki, kuma ba a yin aikin sai da hoto. Likitan da ke yin irin wannan aiki sau ɗaya yake zuwa a wata uku. Saura kwana tara ya zo. In babu hoto, sai a ba wani gurbin, hannun kuma ba ya jira.

Ranar farko wani ma'aikaci ne a kan injin. Ana ba mutum wata 'yar ƙwallon roba ya riƙe, ya matsa in yana so a fito da shi. Baba bai kai minti biyu ba ya matsa. Ya fito jiƙe da gumi, ya ce ya tuna bai kulle gareji ba. Rana ta biyu ko kwanciya bai gama yi ba. Maganin barci kuma likita ya ce ba zai so a ba shi ba saboda ƙirjinsa.

A gida kowa ya taimaka da abin da ya iya. Kawu ya ce ya daure, ai namiji ne. Gwaggo ta bugo waya ta ce ya rufe ido kawai ya yi tunanin wani abu daban. Mama ta ajiye masa shayi ta ce, "Mutumin da ya yi shekara talatin a ƙarƙashin motocin mutane, wai yau gado mai zanen gado ne ya kore shi."

Baba bai yi dariya ba. Da ya ɗauki kofin, da hannu biyu ya ɗauka.

Rana ta uku muka tarar da Anti. Ni na raka shi, don ni ce mai cike takardu a gidanmu. Ta karanta fayil ɗin, ta dube shi, ba ta ce masa kada ya ji tsoro ba. Ta tambaye shi ko ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa a wajen aiki, ya ce a'a. Sannan ta ce, "Malam, yau ba za mu shiga ba. Zauna. Me ke faruwa in an tura ka ciki?"

"Ba komai, Hajiya. Zafi ne kawai."

"Ɗakin nan da muke sa rigar sanyi?"

Can ya ce, "Iska ce take ƙarewa. Sai in ga kamar an rufe ni ne."

"To, ƙarƙashin mota fa? Ai ya fi nan matsi."

"Can ina aiki. Hannuna na kan wani abu."

"Ashe ba matsin ba ne," in ji ta. "Zaman banza ne ba ka iya ba. In hannunka ya tsaya, kanka sai ya kama aiki, kuma ba ya zaɓen mai kyau."

Ta ba shi aikin gida, kamar ɗan makaranta. Kullum da rana ya shiga ƙarƙashin mota ba tare da ko sifana ɗaya ba, ya kwanta, ya ɗora hannu a ciki, ya ji yadda cikin ke tashi yana sauka. Ya ƙirga numfashi zuwa goma, ya koma ɗaya. Baba ya ce in tunani ya zo fa? Ta ce, "Zai zo. Kada ka yi kokawa da shi, kada kuma ka ba shi kujera. Ka ce, na gan ka, ka koma ƙirga. In ka ɓata lissafi ba laifi ba ne, komawar ita ce aikin." Ya ce shi addu'a yake yi a ciki. Ta ce, "Yi abarka. Amma da na ga yadda aka rubuta ka fito, tsere kake yi da ita. Ja ta a hankali yadda kai ma za ka ji abin da kake faɗa."

Ni ce mai riƙe agogo. Ranar farko minti uku ya yi, ya fito ya ce ya hango mai na ɗiga daga wani wuri, ba zai iya kallo ya ƙyale ba. Rana ta biyu minti bakwai. Maƙwabcinsa mai faci ya zo wucewa, ya ga ƙafafu a miƙe ba motsi, ya sunkuya ya ce, "Oga, lafiya?" Baba ya ce daga ciki, "Ka ɓata min lissafi. Ina shida." A rana ta biyar ya kai minti ashirin da biyu, kuma na lura yatsun ƙafarsa sun daina wasa.

Muka koma saura kwana biyu likitan ya zo. Babu wani gurbi a injin bayan wannan. Anti ta toshe masa kunne, ta gyara masa wuya, ta sa masa ƙwallon a hannu. Kafin ta tura gadon ta ce, "Wani abu ɗaya. Auduga ba ta hana jin ƙarar duka. Injin nan yana da murya kala-kala. Shekara goma sha biyu ina jin sa, amma ni ba makanike ba ce. Ka saurara mini shi yadda kake sauraren mota in an kawo maka. In ka fito ka gaya mini kala nawa ka ji."

Ta bar ni na tsaya a bayanta, ina kallo ta cikin gilashi. Tafin ƙafarsa kawai nake gani. Ƙarar ta fara. A minti na shida ƙararrawar ƙwallon ta yi kuka. Anti ta tsayar da injin, amma ba ta jawo gadon ba tukuna. Ta danna maɓallin magana.

"Ina ji, Malam. In ka ce fito, yanzu zan fito da kai. A ina kake jin sa?"

"A ƙirji."

"Kamar me?"

"Kamar an ɗaure da bel."

"To. Bar shi a wurin. Bel ɗin na ƙaruwa ko yana nan yadda yake?"

Na ƙirga numfashina ni ma, na kai bakwai.

"Yana nan yadda yake," in ji Baba. Can kuma, "Ya ɗan saki."

"Mu ci gaba?"

"Ci gaba, Hajiya."

Minti talatin da huɗu aka yi. Da gadon ya fito, Baba ya zauna a bakinsa yana ƙifta ido. Ya ce, "Kala biyar ne. Na huɗun nan, mai bugu uku-uku, in da mota ce da na ce a duba shi." Anti ta ce za ta gaya wa masu gyara, da gaske ta rubuta a takarda. Sannan ta kira na gaba.

An yi aikin a ranar da aka sa. Hannun dama ya dawo sarai. Na hagu yatsu biyu har yanzu ba sa ji sosai, likita ya ce mai yiwuwa haka za su zauna. Baba ya koma gareji. Bayan azahar yakan shiga ƙarƙashin kowace mota ke wurin ya yi minti goma, masu motoci sun saba, wasu suna zaton dubawa yake.

Anti, ke ce wadda ba a rubuta sunanta a takardar sallama ba. Sunan likita ne a kai, kuma ya cancanta. Amma ke ce kika ga babban mutum yana rawar jiki ba ki kunyata shi ba, ba ki kuma yi masa ƙaryar cewa abin ba komai ba ne. Mai haƙurin jiran numfashin wani. Na tambaye ki ina kika koyi wannan, kika ce shekarar da mijinki ya rasu kin kasa shiga ɗaki ki rufe ƙofa, wata tsohuwar nas ta zaunar da ke a kan benci ta ce ki ƙirga. Kika ce iyakar labarin ke nan, kada in ƙawata shi. Ban ƙawata ba.

Na gode, a madadin gidanmu da sauran waɗanda ba su san ranar tafiyarki ba. Allah ya ba ki hutu mai lafiya.

Ga masu aiki a bayan tebur da bayan gilashi, a asibiti ko a wani wuri, ba ni da shekarun yi muku wa'azi. Roƙo ne kawai. Duk ranar da aka kawo muku mutum tsoro ya kama shi, kafin ku ce ya daure, ku tambaye shi a ina yake jin abin, ku kuma tsaya ku ji amsar. A wurin babana, tambayar nan da ɗan jiran da ya biyo bayanta ba su kai minti biyu ba, kuma da su yake cin abinci da hannunsa yau.