Zaren Iya

Kakata, wadda muke kira Iya, kaɗi take yi tun kafin a haifi mahaifina. A ƙauyenmu kusa da Roni zarenta ba ya kwana. Masaƙin unguwa ya saya, mai rini ya karɓa daga hannunsa, maɗinki ya yanka. Dukansu a wajen wata Bafulatana ta bayan gari suke shan fura, ita kuma idan kaka ta yi, wajen masaƙin take sayen zane. Abin da gida ya kashe, a garin yake juyawa.

Shekarar da na shiga aji uku na sakandare a Kazaure aka ƙara wa ma'aikata albashi, aka zuba kwalta, motoci suka fara sauke yadin kanti ranar kasuwa. Ba wanda ya ce ya ƙi saƙi, yadin ne ya fi araha, ya fi sheƙi. Masaƙinmu ya naɗe kayansa ya tafi Kano aikin gadi. Malaminmu kuwa yana rubuta mana a allo cewa ƙasa tana bunƙasa, ina kwafewa a tsanake, ina jan layi a ƙasa.

Iya ba ta daina kaɗi ba, duk da idonta ya fara hazo. Da na zo hutu ta miƙo mini ƙwarya cike da zare, ta ce na riga ne, in nemo masaƙi, tana so ta ga angonta a ciki tun tana gani. Haka take tsokanata, ango.

Na ari keke na je Gwiwa, babu. Na shiga mota zuwa Babura, aka nuna mini wani tsoho. Ya ja zaren, ya yaba hannun da ya kaɗa shi, sannan ya ce shi ya koma zaren kanti, na hannu yana cin lokaci, masu taya shi duk sun tafi birni. Ban iya roƙo ba. Na yi godiya na fito.

Na ce wa Iya na bar shi a can ana saƙawa. Zango biyu yana cikin akwatina a makaranta, ƙarƙashin littattafai. Ba ni da wanda zan gaya wa. 'Yan ɗakinmu hirarsu ta rediyo ce da takalma.

Daga ƙarshe na tara guzurina na sayi rigar saƙi a wajen wasu 'yan Nijar, na kai mata. A lokacin sai an kama hannunta take fita tsakar gida. Ta daɗe tana shafa rigar, tana murza bakin saƙar tsakanin yatsu.

"Wadda ta kaɗa wannan zaren gaggawa take yi, ango."

Sannan ta miƙo mini rigar.

"Sa mana, in ji tsawonta."

Na sa. Ta laluba wuyan ta gyara mini, ta ce ta yi mini yawa a kafaɗa, in riƙa cin abinci. Har ta rasu ba ta tambaye ni inda nata yake ba, ni ma ban faɗa ba.