Hannu a Cinya

'Yata ta fari ba ta cika magana ba, amma idan ta ji daɗi sai ta riƙa kaɗa hannuwa kamar mai fifita wuta. A Babura mun gaji da jin ana cewa iskoki ne. Da likita a Kazaure ya ce galahanga ce, wata lalura da ake haifar yaro da ita, ya haɗa mu da wata malama mai koyar da irin waɗannan yara, sai hankalina ya ɗan kwanta.

Malamar akwai fara'a, sai dai ba ta barin uwa ta shiga ɗakin koyarwa. Wannan ya fara tsaya mini a rai. Kullum takan fito ta ce, "Maman yarinya, ana samun ci gaba." Ni kuwa abin da nake gani daban. Yarinyar ta daina kaɗa hannu, amma ta koma cizon wuyan hannunta har ya yi ciwo. Da mun nufi tasha don zuwa wurin malamar za ta ƙanƙame zanina.

Na gaya wa mahaifinta, ya ce, "Ke dai kin cika zargi. Ai ita ta karanta abin."

Wata rana na zagaya bayan ɗakin na leƙa ta taga. Malama ta danne mata hannuwa tana cewa, "Hannu a cinya! Kalli idona!" In yarinyar ta kalla a ba ta alawa, in ta kau da kai a ɗauke.

Na tura ƙofa ko sallama ban yi ba.

"Malama, hannun nan wa ya taɓa cutarwa?"

"So kike a riƙa kallonta a kasuwa?"

"A kalle ta. Ni so nake ta iya gaya mini in ƙishirwa ta kama ta."

Na juya wa malamar wuyan hannun yarinyar. Ta daɗe tana duban ciwon, sannan ta ce haka aka koya musu, amma za ta sake hanya. Ta ajiye mini kujera a gefe, ta koma koya wa yarinyar nuna hoton ruwa, na tuwo, na bayan gida.

Ciwon ya warke, kuma yarinyar tana nuna abin da take so. Sai dai ban san yadda ake yi da sauran yaran ba in na tafi. Kwanan baya wata mata daga Roni, riƙe da ɗanta, ta tambaye ni ko malamar tana da kirki. Na ce mata har yanzu ina dubawa.